Jan da Ba na Tumatir Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Zariya lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya haɗa ka da abokan zama nagari a makarantar nan ta horon malamai, ya sa ka shiga da ƙafar dama, ya buɗe maka ƙirji, ya sa malamanka su so ka. Amin.

Na san za ka yi mamaki in ka buɗe akwati ka tarar da ambulan a ƙarƙashin sabuwar rigarka. Innarka na roƙa ta cusa shi. Na ce mata addu'a ce na rubuta maka, kuma ban yi mata ƙarya duka ba, don ga shi da ita na fara. Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka baro shi. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, hannun nawa kuma ya fi sabawa da ƙotar fartanya.

Kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina aka sa maka. Ka san yadda muka tashi, uba ba ya sakin baki da ɗan farinsa, ba ya zama su yi doguwar hira, balle ya tambaye shi abin da ya shafi tsiraicinsa. Wata da watanni ina ɗauke da magana a bakina. In na kira ka, ka zo ka durƙusa, sai in ɓige da cewa ka je ka duba ko ruwa ya kai fangalin ƙarshe. Kai kuma ka tashi ka tafi, kana mamakin tsohon nan da ba shi da zance sai na ruwa. Takarda ba ta kallon mutum, shi ya sa na zaɓe ta.

Maganar ita ce, na san kana fitsarin jini, kuma ina so ka je asibiti a duba ka a cikin makon nan da ka sauka. Ita ke nan. Duk abin da zai biyo baya na rubuta shi ne don kada ka ninke takardar ka ce, "Baba ma dai, abin da kowa ke yi."

Kana tuna ranar da muke gindin mangwaro muna gyaran kwanduna, aka ce za a rufe ruwan layinmu don gyara? Kowa yana faɗin tasa ranar, wani ya ce Talata, wani ya ce sai bayan kasuwar Bunkure. Kai ka miƙe ka ɗauki keke ka ce, "Bari in je in yi find out." Tun da malaminku na Turanci ya koya muku kalmar nan ba mu huta ba a gidan, ko gishiri ne ya ƙare sai ka yi find out. Da ka dawo na tsare ka.

Na ce, "Wai ni wannan abin naka, ci ake ko sha?"

Ka ce, "Baba, ai nemo labari ne. Mutum ya je ya tambaya, ya bincika, har ya san gaskiyar abu."

Na ce, "To madalla. Akuyar nan da ta ɓata ran Juma'a, je ka yi mana shi."

Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ka ce ba a yi wa akuya, ita nemanta ake a same ta. Ka ce kalmar ta abin da ake sani ce, ba ta abin da ake kamawa da hannu ba, amma in ana son a san inda akuyar ta shiga, ko wanda ya kore ta, to nan ana faɗinta. Sannan ka ƙara da cewa wani lokaci mutum ba ya neman labari, labarin ne ke faɗo masa, nan ma ita ake faɗi. Kuma in mutum yana ɓoye wani abu aka gano shi, asirinsa ya tonu, ita ce dai. Na ce lallai Turawa akwai rowa, kalma ɗaya aiki uku. Na mayar da abin wasa, amma na riƙe shi.

To ni ta biyun ce ta same ni, ban nema ba. A ranin da ya wuce, lokacin ɗibar tumatir, da rana tsaka ka ajiye kwando ka zaga bayan gaɓar kanal. Ni kuma ina bin ruwa, ina matsar da tiyo daga wannan fangali zuwa wancan, sai na bi ta wurin bayan ka tashi. Na ga ja a ƙasa. Da fari na ce tumatir aka taka, don a lokacin nan ko'ina ja ne, har kofaton jaki. Na duƙa na duba, babu ɓawo, babu 'ya'ya. Na daɗe a tsugune a wurin. Ruwa ya cika fangalin ya tsallaka gonar maƙwabci ban sani ba, sai da ya ɗaga murya ya ce, "Malam, yau sadakar ruwa kake yi ne?"

Da na koma gida na tambayi Innarka a kaikaice. Ta ce, "Au, sai yanzu ka sani? Ai tun kafin ya fara wanke kayansa da kansa nake gani."

Na ce, "Shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta ce, "Malam, me zan faɗa? Namiji ne, girma ne ya zo. Wane yaro ne a garin nan bai yi ba?"

Ban yi mata faɗa ba, don a bakin irinmu ta ji wannan maganar. Kai ma kada ka ɗauka na kama ka ne kamar ɓarawo, irin ma'anar nan taka ta uku. Ba ka yi laifin komai ba. Ka ɓoye ne don ka ga kowa yana ɓoyewa, in kuma aka yi zancen a majalisar samari da dariya ake yi. Ni ma haka na tashi. Muna yara, muna wanka a kududdufin fadama, wanda ya fara ganin ja har taƙama yake yi wa sauran, wai ya riga su zama namiji. Tsofaffi su ce tsargiya ce, zafin rana ne da cin barkono, in mutum ya yi aure za ta wuce.

Kana ɗan ƙarami aka kawo mana ruwan nan. Ba na jin kana tuna yadda katafila ta baje gonakin kakanninmu, ta tumɓuke ɗorawa da kuka, aka ja layuka aka sake raba mana ƙasa. Mun yi baƙin ciki, amma ranar da aka saki ruwa a babban kanal duk muka manta. Ruwa a tsakiyar rani, Abba, yana tafiya da kansa har bakin gona, ba jigo, ba guga. Tsofaffi suna kuka suna hamdala. Ku kuwa yara kuka tuɓe kuka faɗa ciki, mata suka kwaso wanki, Fulani suka kawo shanu. Ni da hannuna na riƙe ka a ruwan nan ina koya maka iyo.

Ba a daɗe ba wani duba-gari ya zo, siriri, da takalmin roba har gwiwa, da wani abu kamar matankaɗi mai doguwar ƙota. Yana bin gaɓar kanal yana tsamo ƙananan katantanwa daga cikin ciyawa, yana zubawa a kwalba. Muna zaune a kan gada muna kallonsa. Ni ne na fara cewa, "Sannu da aiki, Malam! Miyar yau ke nan?" Aka fashe da dariya. Bawan Allah bai yi fushi ba, ya ɗago ya ce, "Ku hana yaranku wanka a nan, abin nan yana ɗauke da cuta." Wani ya ce masa in ya gama da katantanwa ya zo ya kama mana kwaɗi. Ya girgiza kai ya wuce gaba.

Ka ga, mutumin nan amsa ce ta zo har bakin gonata da ƙafarta. Abin da ya rage mini kawai in sauko daga gada in ce, "Wace irin cuta?" Ban sauko ba, don na riga na samu masu dariyar barkwancina, kuma daɗin dariyar ya fi mini. Saboda haka in ka ga mutum yana wani aiki da ya yi maka kama da wauta, kafin ka buɗe baki ka tambaye shi abin da yake nema. A Zariya za ka ga irin wannan da yawa. Kada kunyar a ce kai baƙauye ne ta hana ka tambaya, ai baƙauyen ne, ni na haife ka, na fi kowa sani.

Yanzu sai maganar Baffanka Sule. Ka san shi da raha da ɗaukar ka a wuya zuwa kasuwa, kuma da ya rasu kana makarantar kwana aka aika maka cewa ciwon ciki ne. Ba haka ba ne, kuma lokaci ya yi da za ka sani.

Sule ya fi ni son ruwa. Tun da aka fara shinkafa a gonakin gangare kusan a cikin ruwa yake yini, ga dashe, ga cirar ciyawa. In aka ce a fito aikin gayya na share kanal, shi ne na farkon shiga har ƙugu. Yana ganin jan nan tun muna yara, nawa ya ɗauke bayan na yi aure, nasa bai ɗauke ba. Har tsokanarsa muke yi, wai shi har yanzu bai gama zama namiji ba. Daga baya sai na lura in ya zaga yana daɗewa, ya fito yana gumi yana dafa mara. Ƙafafunsa suka fara kumburi, muka ce sanyin ruwa ne.

A nan ba zan ce ban tambaya ba. Na tambaya, amma dubi waɗanda na tambaya. Na tambayi tsofaffin majalisa, waɗanda na san amsarsu tun kafin su buɗe baki. Na je kasuwar Bunkure wurin mai maganin nan da ke ɗaura lasifika a kan keke, na ce masa ƙanena kaza da kaza. Bai bari na ƙarasa ba ya ce, "Sanyi ne, Malam, sanyin mara! Ga shi nan, a jiƙa da jar kanwa, kwana kaɗan ka zo ka ba ni labari." Na karɓa na taho ina murna. Ban tsaya na yi tunanin cewa duk ciwon da na ambata masa, ƙullin da ke gabansa shi zai miƙo mini ba.

Gaskiyar magana, ba sani nake nema ba, kwanciyar hankali nake nema. Asibitin Kano yana da nisa a idona, ga alkama ta kusa isa yanka, ga tsoron abin da za a ce. Sai na riƙa kai tambayata wurin masu ba ni amsar da ba za ta tashe ni daga gona ba. Ka kula da wannan a kanka. In ka ga kana zagaya mutumin da ya san abu, kana zuwa wurin wanda zai lallashe ka, to ka san ba bincike kake ba. Kuma wanda ke sayar da abu, kada ka tambaye shi ko kana bukatarsa.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Kullum da safe in na fito sai in leƙa sashensa in ce, "Sule, yaya jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi, Yaya. Alhamdu lillahi."

In ce, "To Allah ya ƙara sauƙi," in saɓa fartanya in wuce.

Ka san mu. Bahaushe ko ana jan ransa, in ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. Tarbiyya ce, kuma mai kyau ce, mutum ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin bawa. Amma gaisuwa ce, Abba, ba bayani ba ne. Na san haka sarai, don ni ma haka nake amsawa. Duk da haka na riƙa karɓarta a matsayin labari, saboda ta yi mini daɗi. Ko sau ɗaya ban shiga ɗakin na zauna a bakin tabarma na ce, "Bar gaisuwa, gaya mini, ina ne ke ciwo, tun yaushe, fitsarin yana fita ko ba ya fita?" Yana jin nauyina a matsayin wa, ni kuma ina jin nauyin tambayar, muka bar abin a tsakaninmu yana girma.

Ranar da ake casar alkama ya yanke jiki ya faɗi a kan tari. Muka sa shi a bayan a-kori-kura sai Kano. Likitan da ya duba shi ya fito ya same ni a baranda, ya ce, "Kai ne wansa?" Na ce ni ne. Ya ce, "Tun yaushe fitsarinsa ya ragu haka?" Gida ɗaya muke, a akushi ɗaya muke cin tuwo, ban sani ba. Ya ce, "Tun yaushe yake ganin jini?" Na ce tun muna yara. Ya dube ni ya daɗe, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Daga nan ya yi mini bayani, ya ce tsutsa ce ƙarama da ke fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata ta shiga jiki, ta riƙa zuba ƙwai a mafitsara. Shekara da shekaru ƙwan yana yi wa wurin rauni har hanyar ta toshe, ƙoda ta gaza. Ya ce akwai magani, amma an zo a makare. Sule bai yi mako a gadon nan ba.

Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma na yi tawakkali. Amma da na kai wa liman kukana, bai ce mini in manta ba. Ya ce neman magani ba jayayya da ƙaddara ba ne, yana cikin abin da aka ɗora wa bawa. Har yau in na bi ta gonar gangare raina yana ɓaci, kuma ina kewar ƙanena.

Za ka ce to wanda ya ga wannan da idonsa, me ya hana shi ɗaukar mataki a gidansa? Ni ma na tambayi kaina. Na dai hana ku wanka a kanal na ɗan lokaci, kuka riƙa zuwa a ɓoye, ni ma na gaji na yi shiru. Manomin rani ba shi da yadda zai yi ya rabu da ruwa, da shi muke ci. Na kuma gaya wa kaina cewa na Sule ne ya zo da tsanani, na sauran mutane yana wucewa, ga ni nan nawa ya wuce. Haka na zauna har ranar da na ga jan nan a bayan gaɓa.

Bayan kwana biyu na kira ka, na daure na ce, "Lafiyarka ƙalau kuwa?"

Ka sunkuyar da kai ka ce, "Lafiya lau, Baba."

Wallahi muryar Sule na ji. Kuma ka san abin da na yi? Na ce, "To madalla," na aike ka duba ruwa. Tsoho da furfurarsa, ya san komai, ya sake yin abin da ya yi. In ka zama malami ka tuna da wannan. Za ka tambayi yara, "Kun gane?" su amsa da ƙarfi, "Mun gane, Malam!" Kada ka juya ka goge allo. Ka kira na bayan nan mai shiru, ka sa ya maimaita maka abin da ya gane ɗin.

Da na ga ba zan iya yi maka magana ba, sai na yi wata dabara. Na ce bari in je asibitin da kaina in ga yadda ake gwajin, don in na zo gaya maka in gaya maka abin da na gani, ba abin da aka ce ba. Na san abin da ke tsorata saurayi, kana tsammanin za a tuɓe ka a gaban mata, ko a zura maka wani ƙarfe. Ranar da na ce muku zan shiga Kano neman irin albasa, can na tafi. Da aka tambaye ni abin da ke damuna, kunya ta hana ni cewa ɗana ne, sai na ce ni ne, a gwada ni. A raina ina cewa ai ni lafiyata ƙalau, kallo na zo yi.

To ga yadda abin yake. Ba wanda zai tuɓe ka. Kwalba ƙarama za su ba ka, su ce ka jira sai rana ta take, ka zaga kai kaɗai ka yi fitsari a ciki, musamman na ƙarshen nan da ke zuwa da ja. Ka miƙa ta taga, ka zauna a benci. Shi ke nan fa, abin da muka kasa yi wa Sule ke nan. Wanda ke duba fitsarin ya ga ina ta leƙe, ya ce, "Baba, kana so ka gani?" Na ce ina so. Ya sa ni na kanne ido ɗaya na duba a madubin likita. Na ga wasu abubuwa masu kama da ƙwayar kankana, kowanne da ɗan tsini a gindi. Na ce, "Na waye wannan?" Ya ce, "Naka ne, Baba."

Na ce masa ba zai yiwu ba, ni nawa ya ɗauke tun kafin a haifi ɗana na fari. Aka mai da ni wurin likita, ya ce ɗaukewar jini ba warkewa ba ce. Ya ce sau da yawa in mutum ya manyanta jinin yana ɓuya, ɓarnar kuwa tana ci gaba, balle ga wanda kullum ƙafarsa tana cikin ruwa. Ya tambaye ni ko ina yawan tashi fitsari, ko bayana yana ciwo ta gefe. Na ce ai wannan tsufa ne da duƙe-duƙen gona. Ya ce a ɗauki hoton cikina. Na koma bayan mako, na ce muku irin albasar bai iso ba.

Hoton ya nuna mafitsarata ta yi tauri, ƙoda ɗaya kuma ta kumbura. Ya ba ni ƙwayoyi na sha a gabansa, ya ce za su kashe tsutsar, amma ba za su mayar da abin da ya riga ya lalace ba. Ya ce in riƙa zuwa ana dubawa, kuma in nemi takalmin roba in daina shiga ruwa da ƙafa tsirara. Wannan takalmin da kuka yi ta yi mini dariya a kansa kai da ƙannenka, kuna cewa Baba ya zama ma'aikacin gwamnati, dalilinsa ke nan.

A wannan karon ban taso da tambayata a ciki ba. Na ce, "Likita, ina da ɗa zai tafi karatun malanta. Zan ga ya gama?"

Ya ce, "Baba, wannan na Allah ne. Ni dai abin da zan ce, kada ka fasa zuwa."

Na gane abin da yake nufi, kuma ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye maka ba. Sai na ce, "To gaskiya ba don kaina na zo ba. Yaron ne yake gani, bai kai ashirin ba. Shi fa?"

Ya ajiye alƙalami ya ce, "Shi nasa mai sauƙi ne. In ya zo yanzu ya sha magani, da izinin Allah zai warke sarai, kamar bai taɓa yi ba. Amma ya zo yanzu."

Na sa shi ya maimaita, don in tabbata na ji daidai. Wannan amsar na ɗauko daga Kano, na riƙe ta duk daminar nan, ita ce na sa maka a akwati.

Ƙannenka maza na riga na kai su, na ce musu allurar makaranta ce. An samu biyu da shi, sun sha magani, sun yi kwana ɗaya suna ciwon ciki da tsine wa likita, yanzu ga su nan suna tsalle. Su yara ne, kama hannunsu na yi muka tafi. Kai ka wuce a kama hannunka, kuma ka yi nisa da ni yanzu. Ba ni da wata hanya sai roƙo.

Saboda haka kafin ka sayi littafi ko ɗaya, kafin ka san hanyar kasuwa, ka tambayi inda asibitin makaranta yake. In ka shiga kada ka tsaya kame-kame, kada ka ce zazzaɓi, kada ka ce abokinka ne, irin wautar da ubanka ya yi. Ka ce, "Daga ƙasar noman rani na fito, ina fitsarin jini tun ina yaro, a gwada ni." In Turanci ya fi maka sauƙin faɗi, faɗa da Turanci, ai don irin wannan ranar muka sa ka a boko. In sun ce ba su da abin gwaji, ka tambayi inda ake da shi ka tafi. In sun ba ka magani ka shanye shi yadda suka ce, ko da jinin ya ɗauke tun a rana ta farko. In ka zo hutu kuma za ka shiga gona, akwai takalmi na biyu a rataye a zaure, naka ne.

Innarka ba ta san nawa ba, ƙannenka ma haka. Kai ne mutum na farko da na gaya wa, kuma zan gaya mata da bakina in an gama girbin shinkafa, kada ka riga ni. Ban faɗa maka don ka tayar da hankalinka ko ka baro karatu ba. In ka kuskura ka dawo gida saboda ni, ranka zai ɓaci. Ina cin tuwona, ina zuwa gona, ina kuma zuwa wurin likita kamar yadda ya ce. Na faɗa maka ne don gidan nan zai bukaci namiji mai lafiya, wataƙila da wuri fiye da yadda na so. Na binne ƙanena da ciwon nan, ni ma ga shi ina ɗauke da shi. Abba, ba zan iya na uku ba.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Allah ya yi wa karatunka albarka, ya dawo mana da kai lafiya, ya sa in ga ranar da idona. Innarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe salla a kan lokacinta.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.